Me Ya Sa Ake Kai Agogon Atom Sararin Samaniya?

Tambaya: Malam, na ji an kai wani agogo tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wai don a gwada ka'idar Einstein. Ina ruwan agogo da wannan? Kuma me ya hana a yi gwajin a nan doron ƙasa?

Amsa: Shirin ACES ke nan na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wanda aka harba a watan Afrilun 2025. Agogo biyu ne a haɗe: PHARAO na Faransa mai auna lokaci da kaɗawar atom ɗin sinadarin sisiyam, da wani na haidurojin da aka ƙera a Suwizalan. An tsara PHARAO ta yadda sai ya yi kimanin shekara miliyan 300 kafin ya yi kuskuren daƙiƙa ɗaya.

Einstein ya ce lokaci ba ya tafiya bai ɗaya a ko'ina. Inda jan duniya ya fi ƙarfi, agogo yakan yi nawa, haka ma agogon da ke sheƙa gudu. Wayarka ma shaida ce. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, kuma da ba a gyara wannan, da taswira za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 a rana.

Amfanin hawa sama biyu ne. Tazarar kilomita 400 da ke tsakanin tashar da ƙasa tana sa bambancin jan duniya ya fito fili. Na biyun ya fi burge ni. A ɗakin gwaji, ana sanyaya atom da hasken leza, a cilla su sama a auna kaɗawarsu, amma kafin daƙiƙa ta cika sun faɗo. A tashar kuwa shawagi suke yi a hankali, sai a sami damar auna su a tsanake, awon ya ƙara kaifi.

An taɓa irin gwajin a 1976, lokacin da Amurka ta harba na'urar Gravity Probe A mai ɗauke da agogon atom zuwa nisan kilomita 10,000. An sake yi da taurarin Galileo biyu, takwarorin GPS na Turai, da suka faɗa karkatacciyar hanya a 2014. Duka sun gaskata Einstein.

To me ake nema kuma? Ka'idarsa ba ta jituwa da ka'idar kwantom mai bayanin ƙananan abubuwa irin su atom, don haka masana na zargin akwai inda ɗayarsu ta gaza. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar kashe kuɗin. Ana kwatanta agogon tashar da na ɗakunan gwaji a Turai, Amurka da Japan, a ga ko bambancin zai saɓa wa lissafin Einstein ko da ƙiris ne.