Amsa ga mai tambaya kan zanga-zangar ruwa a Rigasa, Kaduna

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sai da izinin 'yan sanda za ku fita kan rashin ruwan famfo yanzu da ake kamfe. A'a. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku 'yancin taro, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce neman izini ba dole ba ne, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda. Duk da haka ku kai wa DPO takardar sanarwa, a buga hatimi a kwafinku.

Ni abin da ya fi damuna shi ne 'yan siyasa. Lokacin kamfe kowa na neman taron da zai hau. Kada ku karɓi riga ko kuɗin mota daga kowace jam'iyya, in ba haka ba gobe a ce hayarku aka yi. Ku sa dattawan unguwa da limamai a gaba, ku zaɓi matasan da kuka sani su tsare gefen jerin, saboda 'yan sara-suka. Ka tuna Agustan 2024, da ɓata-gari suka shiga zanga-zangar tsadar rayuwa har aka sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Kaduna da Zariya.

Buƙata ɗaya tak ku rubuta, duk ɗan takarar da ya zo ya sa hannu a gaban jama'a.