Jarabawar matuƙan jirgin kamfani: ta Amurka ko ta Turai, kuma me zan saya?

Tambaya: Salam yaya. Na gama CPL ɗina (lasisin tuƙin jirgi na kasuwanci), ina da awa wajen 400 a sama, ina son rubuta jarabawar babban lasisi na ATPL. Wasu abokaina sunce inyi ta FAA, hukumar jiragen saman Amurka, wasu sunce ta EASA, ta Tarayyar Turai, kuɗin kuma na guda ɗaya gareni. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanina. Toh ni da zaka ji tawa, ka fara sanin jirgin wace ƙasa zaka tuƙa, domin lasisi rajistar jirgi yake bi. In jiragen gida ne masu lamba 5N, ko wanne ka ɗauko daga waje sai ka kaishi NCAA, hukumar jiragen saman Najeriya, sun juya maka shi zuwa na Najeriya, saboda haka ka fara jin abinda suke buƙata kafin ka tura ko sisi.

Ta FAA takarda ɗaya ce, ana ce mata ATM, tambaya 125 ake yiwa maki, kashi 70 ne cin jarabawa, a kwamfuta ake yi a cibiyoyin jarabawa na kamfanin PSI. Jin haka ne yasa samari ke rugawa. Amma tun 2014 baka isa ka zauna mata ba sai kayi kwas ɗin ATP-CTP, awa 30 a aji da awa 10 a na'urar kwaikwayon jirgi, dokar da ta biyo bayan haɗarin Colgan Air na 2009 kusa da Buffalo, kuma kwas ɗin nan shine mai cin dala, ga biza ga tikiti ga masauki. Sannan sakamakon wata 60 yake yi ya mutu, shi kuma lasisin sai kana da awa 1,500 da shekara 23. Kai kana 400. In kana da aikin da kake tashi kullum zaka iya cike gibin cikin shekara biyar, in kuma kana zaune a gida kana jiran kira, wallahi ka dakata, kar agogo ya fara gudu kana ƙasa.

Ta EASA kuwa takardu 13 ne, kowacce sai kaci kashi 75, daga ilimin yanayi da dokokin sama har lissafin hanya da nauyin jirgi, dole ta hannun makarantar da suka amince da ita, kuma daga zaman farko wata 18 gareka ka gama duka, zama shida kacal, kowace takarda sau huɗu. Ka faɗi ɗaya sau huɗu, duk sun rushe. In ka gama kuma akwai wata 36 da zaka samo CPL da IR nasu (IR shine izinin tuƙi da na'urorin jirgi kaɗai). Ka kula, tunda Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai jarabawarta daban ce. Nidai a matsayinka bazan taɓa EASA ba sai in akwai kamfanin da ya nemeta ko kana da izinin aiki a can.

Tambaya: Wani yace min kar in ɓata kuɗi kan littattafai, in sayi Sheppard Air, manhajar tambayoyin jarabawar FAA, kawai in haddace. Gaskiya ne?

Amsa: Rabi da rabi. Indai ATM ce, mutane da yawa da shi suke ci, amfaninsa kenan, ya saba maka da yadda tambayoyin ke zuwa. Amma ka sayeshi dab da jarabawa, domin tambayoyi na canzawa, tsohon fayil ɗin da ake yawo dashi a WhatsApp kam ka rabu dashi. Littattafan FAA kyauta suke a shafinsu na intanet, ka sauke ka karanta, saboda duk inda ka faɗi lambar darasin zata fito a takardar sakamako, kuma mai gwadaka ranar jarabawar baki can zai matsa maka. A EASA hadda kaɗai bata kaiwa, ana juya lambobi, wani wurin ma da hannunka zaka rubuta amsa. Can sai littafi tukuna, bankin tambayoyi irin Aviation Exam ya biyo baya.

Tambaya: Ɗana yace akwai wata ATS, bata buƙatar wancan kwas ɗin, tafi arha. In biya masa?

Amsa: Alhaji ku riƙe kuɗinku. ATS ta jirgi mai inji ɗaya ce, kamfanonin fasinja kuwa masu inji biyu suke tuƙawa, in yaje neman aiki sai ya dawo yayi CTP ɗin da ATM ɗin dai. Ku fara tabbatar da takardar lafiyarsa ta aji ɗaya tana nan daram, sauran ku ajiye masa har awanninsa su kusa.