Tambaya da Amsa: Gajiyar da Barci Ba Ya Warwarewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a cikin garin Katsina, ina da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyar maigidana tana wurinmu tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Nakan tashi kafin asuba in ɗora abin kari, in shirya yara, in gyara tsohuwa, sannan in fita neman Keke Napep. Idan na dawo ga girki, ga littattafan ɗalibai suna jiran maki. Watanni ke nan ina kwana da ciwon kai, in farka cikin dare gabana yana faɗuwa, kuma abu kaɗan yara za su yi in rufe su da faɗa, daga baya in koma ɗaki ina kuka. Ƙawayena sun ce gajiya ce, in ƙara haƙuri. Ta yaya zan gane ko abin ya wuce gajiya, kuma ina mafita?
Daga wata malama, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya saka miki da alheri. Ƙawayenki ba su faɗi ƙarya ba, sai dai gajiyar da aka sani ita ce wadda barcin dare ɗaya ko hutun Asabar da Lahadi ke warwarewa. Wadda mutum zai kwana da ita ya tashi da ita wata da watanni, har ta fara sauya masa hali, ta kai matsayin da ya kamata a zauna a auna ta.

Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta hango barazana, ko da kuwa barazanar tunanin kuɗin makaranta ce, takan aika saƙo ga wasu ƙananan sassa biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran adirinalin da kotizol cikin jini. Su ne ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini, su ƙara yawan suga, su ɗaure jijiyoyin wuya da kafaɗa. An halicci wannan tsari ne domin ɗan lokaci kaɗan, mutum ya tsira daga haɗari sannan jiki ya koma daidai. Idan matsin ya ƙi yankewa, jiki ba ya samun damar komawa, kuma daga nan ne ciwon kai da faɗuwar gaba da saurin fushi irin waɗanda kika lissafa suke fitowa.

Masana sun daɗe suna neman ma'aunin irin wannan matsi. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amuran rayuwa 43 suka ba kowanne maki: rasuwar miji ko mata 100, mutuwar aure 73, yin aure 50, kora daga aiki 47, rashin lafiyar wani a cikin iyali 44, juna biyu 40. Wanda makinsa na shekara guda ya kai 300, a lissafinsu, yana cikin babban haɗarin kamuwa da ciwo. A ganina amfanin wannan jeri gare mu bai wuce abu biyu ba, wato abin farin ciki ma nauyi ne, kuma nauyi taruwa yake yi. Ban da haka, an tsara shi ne da rayuwar Amurkawa, ba a sa zama da kishiya ba, ba a sa anko da gudummawar biki ba, balle tsadar cefane da kuɗin mota da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ma'aunin da ya fi kusa da halinki shi ne na wani masanin halayyar ɗan Adam, Sheldon Cohen, da abokan aikinsa na 1983, wanda ke tambayar mutum sau nawa a watan da ya wuce ya ji al'amuransa sun fi ƙarfinsa, sau nawa kuma ya ji matsaloli sun taru masa har ba ya ganin zai iya fita.

Tun da ke ma'abociyar rajista ce, ga abin da nake so ki yi. Ki ware littafin rubutu guda, kowane dare bayan isha'i ki rubuta awa nawa kika yi barci daren jiya, me ya fi tayar miki da hankali yau kuma da ƙarfe nawa, a ina kika ji shi a jiki, sannan ki ba ranar maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon nauyin da kika ji. Ki yi haka mako biyu ba tare da tsallake ba. Abin da yakan fito a irin wannan rubutu yana ba mutum mamaki, domin mai yiwuwa ki tarar ba aji ne ke cinye ki ba, tsakanin asuba da ƙarfe bakwai da rabi ne, lokacin da tukunya take kan wuta, ƙaramin yana neman takalminsa, tsohuwa kuma tana kira daga ɗaki. A cikin makonnin nan ki je a auna miki jini fiye da sau ɗaya, domin awon da ke maimaita 140 bisa 90 ko sama hawan jini ne, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Ki nemi a duba ƙarancin jini da suga, saboda su ma suna kawo kasala da bugun zuciya.

Idan littafin ya cika, maigida ne mutum na farko da ya kamata ya gan shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ajiye shi a gabansa ba da sigar ƙorafi ba, ki ce, “Baban yara, ina so ka duba wannan mu yi shawara.” Na san kunyar suruka tana da nauyi, kuma mace takan ji tsoron a ce ta gaji da uwar mijinta, amma jinyar tsohuwa haƙƙi ne da ya fara hawa kan 'ya'yan da ta haifa, ke taimako kike yi. 'Yan uwan maigida mata za su iya karɓar wasu ranaku, maza su haɗa kuɗin mai taya aiki da safe, manyan yaranki kuma su ɗauki shara da wanke-wanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya tabbata a Bukhari cewa Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, kansa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata shi.

Sauran matakan ƙanana ne amma suna aiki. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, saboda haka a ajiye waya da hirar WhatsApp da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wanda tafiyar sauri ta rabin awa a kwana biyar ta cika shi. Makin littattafai a ƙarasa shi a makaranta gwargwadon hali, kuma ba kowane anko ne dole ba.

Idan kuwa kika yi mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da kike jin daɗinsa a da ya fita ranki, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa miki, kada ki jira littafi ya cika. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ki ga likita; akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a da azkar.

TAMBAYA: Ni ma'aikaci ne, da yamma kuma ina zama shago. Da goro da shayi nake jure aiki, da dare in sha maganin ciwon jiki. Akwai illa?
Daga wani magidanci, Daura.

AMSA: Akwai, Malam. Goro da shayi duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda kusan rabinsa yana nan a jiki bayan awa biyar, saboda haka goron la'asar shi ne ke hana ka barcin da zai sa gobe ka sake neman goro. Ka tsayar da su daga azahar. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka mayar da su na kullum, suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda, tiramol kuwa kama mutum yake yi har ya kasa bari. Ka kai wa likita kwalayen abin da kake sha ya gani, a auna maka jini a wannan zuwan, kuma ka samu yaro amintacce da zai riƙe maka shagon ko da yamma biyu a mako.