Hukuncin sanya munduwar maganaɗisu da ta jan ƙarfe don neman lafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina fama da ciwon gwiwa, sai aka ba ni wata munduwa mai maganaɗisu aka ce tana gyara gudanar jini. Tun da na sa ta na ɗan ji sauƙi. Ɗana ya ce babu abin da take yi, zuciyata ce kawai ta yarda. Shin tana aiki? Kuma ya halatta in ci gaba da sa ta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya.

Neman magani halal ne. Annabi (SAW) ya ce mu nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Sai dai malamai sun ce abu yana zama sababin waraka ta ɗayan hanya biyu: ko Shari'a ta faɗa, kamar zuma da ruƙiyya, ko gwaji ya tabbatar yana tasiri a jiki. Babu nassi a kan munduwa, don haka sai mu tambayi likitoci.

Su kuwa sun gwada. A 2002 asibitin Mayo da ke Amurka ya raba wa mutum 610 masu ciwon jiki da gaɓɓai munduwar Q-Ray, wata munduwar ƙarfe da ake tallatawa don rage ciwo, rabi aka ba su ta ainihi, rabi ta bogi, ba wanda ya san wacce ya samu. Kowane ɓangare ya ce ya ji sauƙi, kuma babu bambanci tsakaninsu. A 2013 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka gwada munduwar jan ƙarfe da ta maganaɗisu a kan mutum 70 masu amosanin gaɓɓai, ba su ga ta rage ciwo ko kumburi ba. Kamfanin Power Balance, wanda 'yan wasa suka yi ta tallata munduwarsa ta roba, hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta tilasta shi a 2010 ya furta da bakinsa cewa ba shi da hujjar kimiyya. Zancen maganaɗisu yana jan jini ma bai tsaya ba. Da haka ne, da na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, wadda maganaɗisunta ya ninka na munduwa nesa ba kusa ba, ta tattare jinin duk wanda ya shiga cikinta.

To sauƙin da kika ji fa? Ba ƙarya kika yi ba. Idan mutum ya sakankance cewa abu zai taimake shi, jikinsa yakan rage masa jin zafi, shi ne likitoci ke kira filasibo. Ga shi ciwon gwiwa dama yana tashi yana lafawa, kuma mutum yakan nemi abin sawa ne ranar da ciwon ya kai maƙura, sai lafawar da ta biyo baya a jingina wa munduwa.

A nan hukuncin yake. Tunda sauƙin daga yarda yake fitowa, munduwar ba ta da wani aiki sai ɗaure zuciya da abin da ba sababi ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da aka hana a kambu da zaren jahiliyya. Imam Ahmad ya ruwaito daga Uƙbatu bin Amir cewa wanda ya rataya tamima, wato laya ko kambu, ya yi shirka. Ya kuma ruwaito, shi da Ibn Majah, hadisin Imrana bin Husaini game da mutumin da ya sa zoben tagulla a hannu don maganin ciwo, Annabi (SAW) ya umarce shi ya cire. Wasu malaman hadisi sun raunana isnadinsa, amma na Uƙbatu ya wadatar. Canza sunan abu daga kambu zuwa "fasahar zamani" ba ya canza hukuncinsa.

Saboda haka bai halatta ki sa ta da niyyar magani ba. Wanda ya ƙudurta Allah ne mai warkarwa, ita sababi ce kawai, ya faɗa ƙaramar shirka idan ya san ba ta da tushe. Wanda ya ƙudurta ita da kanta take warkarwa, al'amarinsa ya fi haka muni. Ke da kika sa bisa rashin sani, kina zaton kayan asibiti ne, muna fatan babu laifi a kanki, ki cire kawai. Mai sayar da ita da sunan magani alhali ya san haka, ha'inci yake yi, kuma wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Agogon hannu mai ƙirga taku da bugun zuciya bai shiga wannan ba, awo yake yi, bai ce zai warkar da kowa ba. Haka munduwar da ake rubuta ciwon mutum a jikinta don masu agajin gaggawa su gani.

Gwiwar kuma a kai ta wurin likita a duba, kar a bar wani magani da ya rubuta saboda munduwa.

Wallahu a'alam.