Bindigata gajeriya ce: ta kai ƙarfin da dokar farautar barewa ta nema a Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, ina da lasisin bindiga, kuma 'yan sanda sun amince mini da bindiga mai harsashin .243 (faɗinsa ke nan a inci) don farautar barewa. Na sayi mai gajeren bututu, inci 16, don kada ta yi mini tsawo a kurmi idan na ɗaura mata abin rage ƙara. Yanzu wani abokin farautata ya ce wai ba ta kai ƙarfin da doka ta gindaya ba. Wallahi hankalina ya tashi, don da ƙyar na samu lasisin nan. A jikin kwalin harsashina an rubuta fut-fam 1,945, wato ma'aunin ƙarfin harsashi. Ba shi ke nan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba shi ke nan ba, kuma ka gode wa abokin nan naka.

Dokar barewa ta 1991 a Ingila da Wales ta ce faɗin harsashi kada ya gaza inci .240, ƙarfinsa a bakin bindiga kada ya gaza fut-fam 1,700, wato jul 2,305, kuma ya zama mai taushin kai ko mai rami a kai. Ƙananan nan biyu kaɗai aka sassauta wa a 2007, barewar muntjac da barewar ruwa ta China: faɗi .220, nauyi giren 50 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ƙarfi fut-fam 1,000. Idan barewar roe ko fallow, waɗanda suka fi su girma, kake bi, 1,700 ɗin nan na kanka.

To, ga inda mutane suke faɗawa rami, kuma na gaji da maimaita shi. Lambar da ke jikin kwali ba daga bindigarka aka samo ta ba. Kamfani ya auna ta ne da bututun gwaji mai kusan inci 24, a ɗakin da babu sanyi babu zafi. Kai kuma ka sare inci takwas. Harsashin .243 albarushi mai yawa yake ci a siririn bututu, yana bukatar tsawo kafin iskar ta gama tura shi. Kowane inci da aka rage, ana asarar gudun ƙafa 20 zuwa 30 a daƙiƙa, wani lokaci ma fiye.

Zo mu lissafa. Nauyin harsashi da giren, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudun, a raba da 450,240. Naka giren 100 ne, kwali ya ce yana gudun ƙafa 2,960 a daƙiƙa, shi ya ba da 1,945. Cire ƙafa 25 sau takwas, saura 2,760. Sake lissafi: 1,692. Ka ga ka gaza 1,700 da takwas kacal, kuma doka ba ta san "saura kaɗan" ba. Giren 100 sai ya kai ƙafa 2,767 kafin ya haye. Wannan ma ban sa sanyin asubahin Janairu ba, wanda yake ƙara rage wa albarushi zafi. Kuma kada wani ya ce maka abin rage ƙara ya mayar maka da tsawon da ka yanke. Abin da yake ƙarawa, in ma ya ƙara, bai taka kara ya karya ba.

Kullum sai wani ya ce mini, "Ai mai shago ne ya sayar mini a matsayin bindigar barewa," ko "Ai 'yan sanda sun rubuta barewa a lasisina." Mai shago ciniki ya fito yi. Ofishin lasisi kuwa lambar .243 ya gani a takarda ya sa hannu, bai taɓa harba bindigarka ba, kuma ranar da magana ta taso ba zai ce laifinsa ne ba. Nauyin na wuyan wanda ya ja kunama. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne gwanin intanet da zai ce ka ƙara albarushi fiye da abin da littafin ɗura wa harsashi albarushi ya iyakance don ka cike gibin. Inci takwas na ƙarfe ba a biyan su da albarushi. Abin da za ka samu shi ne matsi ya wuce kima a ƙarfen da ke dab da idonka. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ban ce fut-fam takwas ne ke raba barewar da ta faɗi nan take da wadda ta gudu da rauni ba. Inda harsashi ya shiga ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba. Ita kanta dokar tana da abin dariya: ka tsallaka iyaka zuwa Sikotland, roe ɗin nan dai ana harbinta da giren 50 da fut-fam 1,000. Amma can manyan barewa sai 1,750, da gudun ƙafa 2,450 aƙalla, da giren 80 tun 2023, lokacin da aka sauko daga 100 saboda harsashin jan ƙarfe. Ko ka ga hikimar dokar ko ba ka gani ba, lasisinka ne a kan faifai.

Abin yi: nemi na'urar auna gudun harsashi, ƙungiyoyin harbi da dama suna da ita. Harba goma da ainihin harsashin da kake farauta da shi, a rana mai sanyi, ka yi lissafi da wanda ya fi kowanne jinkiri, kada ka ɗauki matsakaici. Rubuta ranar da sakamakon ka adana. Idan bai haye ba, gwada wani samfurin, don bambancin kamfani da kamfani kan kai ƙafa ɗari. Ka lura, giren 80 na jan ƙarfe sai ya yi gudun kusan 3,095 kafin ya ba da 1,700, abin da inci 16 ba lallai ya iya ba. Kafin ka auna, muntjac kaɗai za ka bi da ita.

In kuwa dole sai gajeriya, nemi a canza maka lasisi zuwa .308, mai harsashin da ya fi faɗi. Giren 150 ko a inci 16 yana wuce fut-fam 2,000 hankali kwance.