Poka, karatun lauya da iyali: kuɗin wa kake kaiwa tebur?

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ina da shagon kayan lantarki, ina kuma karatun lauya da yamma, yanzu ina aji uku. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Dare biyu a mako nakan je gidan wasa mu buga kartar poka, wani lokaci kuma in taɓa a waya. Don nishaɗi nake yi, amma hannuna yana da kyau, yawanci ci nake yi. In zan tafi nakan ɗebi wani abu daga cinikin ranar, in na ci sai in mayar. Uwargida ta fara ƙorafin ba ta ganina, karatu kuma ya yi nauyi. Yaya zan raba lokacina? Sannan ina tunanin ƙara abin da nake zubawa, ko ribar ta riƙa biya mini kuɗin makaranta, tunda na ji akwai lauyoyin da suka yi arziki da wasan.

Amsa:

Ɗan'uwa, ka tambaye ni rabon lokaci, amma ni inda idona ya tsaya a wasiƙarka shi ne: "nakan ɗebi wani abu daga cinikin ranar, in na ci sai in mayar." To, in ba ka ci ba fa? Ba ka faɗa ba. Kuma "wani abu" ɗin nawa ne? Shi ma ba ka faɗa ba, kuma ina da yaƙinin ba ɓoye mini ka yi ba, kai ma ba ka sani ba ne. Mutumin da ya ce "yawanci ci nake yi" alhali bai kawo lamba ko ɗaya ba, ƙwaƙwalwarsa ce littafin lissafinsa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa akawu ce mai son kai: daren da ka kwashe tebur tana riƙe da shi har da irin rigar da ka sa, darare huɗun da aka yi maka ƙarƙaf kuwa ta haɗe su ta kira su "ranar nan da ban yi sa'a ba."

Batun halal da haram ba sai na tsaya a kansa ba. Karta da kuɗi caca ce, ka san hukuncinta a addini, ka kuma san inda ake tambaya. Ni lissafi ka kawo mini, lissafin za mu yi.

Kuɗin da ke aljihun teburin shago da yamma ba naka ba ne. A cikinsa akwai na dilan da ya ba ka kaya bashi, akwai na haya, akwai albashin yaronka, akwai uwar kuɗin da za ta sayo kayan gobe. Abin da ya zama naka ɗan tsiririn riba ne, wanda ba ya bayyana sai an rufe lissafin wata. In ribarka kashi 10 ce cikin 100 na ciniki, ka ɗebi 100 aka cinye a tebur, to sai ka sayar da kayan 1,000 kafin ka toshe ramin dare ɗaya. Dare biyu a mako kake wannan.

Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gyaran mota da ya kira ni in duba masa dalilin da kantocinsa ke ramewa alhali masu saye ba su ragu ba. Na ce ya buɗe aljihun tebur. A can ƙurya na tarar da damin 'yan takardu an ɗaure da roba, wasu yagin kwalin kaya ne, wasu bayan rasit. Kowacce an rubuta "na ɗauka" da lamba, babu kwanan wata, babu ko ɗaya mai cewa "na mayar." Ya rantse yana mayarwa, kuma na yarda yana mayar da wasu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaron shagonsa ya daɗe da gano cewa maigida bai san abin da ke cikin aljihun nan ba, shi ma sai ya fara ɗiba. Da muka haɗa lissafi giɓin ya fi ƙarfin takardun nesa ba kusa ba, amma mutumin nan ya kasa tuhumar yaron, domin ba shi da hanyar rarrabe ɓarnarsa da ta yaro. Shagon bai kai ƙarshen shekara ba.

Yanzu mu zo kan "hannuna yana da kyau." Mai yiwuwa ne, poka tana da gwaninta, ba zallar sa'a ba ce. Amma dubi yadda tebur yake aiki. Gidan wasa yana yankar kamashonsa daga kuɗin da aka tara a tsakiya kusan kowane zagaye, galibi tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, da iyakar da ba ya wucewa. A tebur na ido da ido ana raba karta kamar sau 30 a awa. Mu ɗauka ku tara ne, kowa ya zauna da 100, gida kuma yana yankar 1 kacal a kowane zagaye. A awa biyar an yi zagaye 150, wato 150 sun fita daga cikin 900 ɗin da kuka zo da su, kashi ɗaya cikin shida ke nan, kafin a yi maganar wa ya fi wa iyawa. Don haka bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da ratar da za ta biya gida ta kuma bar maka saura.

Ga kuma sa'a. Ko an raba maka katin A guda biyu, wanda babu farawar da ta fi shi ƙarfi, in ka kara da mai katin K guda biyu, wato mai bi masa a ƙarfi, za a cinye ka kusan sau ɗaya cikin biyar. Shi ya sa masu yin abin a matsayin sana'a ba sa yanke hukunci kan iyawarsu sai sun ga sakamakon dubun-dubatar zagaye, a rubuce. Su kuma suna ware kuɗin wasa daban, ninki 20 zuwa 30 na kuɗin zama tebur ko fiye, don su jure watannin faɗuwa. Kai zagaye 300 da 'yan kai kake bugawa a mako, ba ka rubuta ko ɗaya, kana so ka ɗora kuɗin makaranta a kai. Makaranta tana da ranar biya. Karta ba ta san da wannan rana ba, kuma mutumin da ya zauna tebur dole sai ya ci kafin ƙarshen wata shi ne wanda kowa ke addu'ar ya zauna kusa da shi.

Lauyoyin da ka ji labari gaskiya ne akwai su. Greg Raymer lauya ne, ya lashe babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas a 2004, ya tafi da dala miliyan 5. Vanessa Selbst ta yi karatun lauya a jami'ar Yale ta Amurka, ta kuma ci sama da dala miliyan 11 a gasanni. Amma a gasar da Raymer ya ci mutum 2,576 ne suka shiga, kuɗin shiga dala 10,000, kuma kusan tara cikin kowane goma sun koma gida hannu rabbana. Sunan wa ka sani a cikinsu? Ita Selbst ɗin ma daga baya ta ajiye wasan a matsayin sana'a ta kama aikin ofis. Ka bar mini wannan mafarkin.

Abin da ya fi damuna ma sana'ar da kake shirin shiga ce. Lauya yana riƙe kuɗin mutane: na cinikin gida, na gado, na diyya. Ƙa'idar aikin a ƙasashe da yawa ita ce kuɗin wanda kake wakilta yana zama a asusu daban, kuma taɓa shi, ko da niyyar mayarwa gobe, yana cikin laifuffukan da ake ƙwace lasisi a kansu. "Na ɗauka zan mayar" ita ce ainihin jimlar da ke kai lauyoyi gaban kwamitin ladabtarwa. Kai kuwa tun kana aji uku kake koya wa hannunka ita sau biyu a mako.

Ga abin da za ka yi in dai ba za ka bari gaba ɗaya ba, ko da yake barin ya fi. Yanka wa kanka albashi daga shago, lamba ɗaya, rana ɗaya a wata. Daga ciki a fitar da na gida, a fitar da kason kuɗin makaranta a ajiye shi inda hannunka ba ya kaiwa da dare. Abin da ya rage ne kaɗai zai iya zuwa tebur, ka kuma ƙaddara ya tafi tun kafin ka zauna. In ya ƙare ranar 9 ga wata, wasa ya ƙare sai wani watan. Sayi ƙaramin littafi: kwanan wata, abin da ka shiga da shi, abin da ka fito da shi, awa nawa ka zauna, har da na waya. Ka rubuta a daren, kafin ka kwanta. Littafin kuma ya zauna inda uwargida za ta iya buɗawa. Ina zargin ƙorafinta bai tsaya kan rashin ganinka ba. Mace takan riga mai shago sanin cewa kuɗi sun fara wuya.

Batun rabon lokaci da ka tambaya kuwa, layin awannin da ke littafin nan zai ba ka amsa. Mu ce dare biyu na awa shida-shida, awa 12 ne a mako, sama da 600 a shekara, ban da safiyar da kake buɗe shago ido ja. Mai shago da karatu da 'ya'ya biyu ba shi da awa 600 na banza, daga wani wuri yake yankowa, kuma ka riga ka faɗi wuraren da bakinka. Mayar da shi dare ɗaya a wata biyu-biyu ko a wata, da lokacin tashi da ka faɗa a gida kafin ka fita. Goge pokar da ke waya yau, don ita ba ta da lokacin rufewa. Wata guda kafin jarrabawa kuma babu tebur sam.

In ka ga ka kasa tsayawa kan lambar da ka yanka, ko ka fara rage adadi a littafin don kada a gani, ko ka koma washegari don ramo abin da aka ci maka, to abin ya wuce nishaɗi. Likitoci suna lissafa jarabar caca cikin cututtukan da ake yi wa magani, sai ka nemi mai taimaka maka tun shagon yana tsaye. Yau da dare kafin ka rufe, ƙirga kayan da ke kanta, ka haɗa da bashin da ake binka da wanda kake bi, ka gwada da abin da kake da shi bara war haka.