Ɗan Sanda Ya Ɗana Min Bindiga a Shinge, Me Doka Ta Ce?

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ni direban motar haya ne. Kwanan baya da dare aka tsayar da ni a wani shinge. Na sunkuya zan ɗauko takardu a ƙarƙashin kujera, sai wani ɗan sanda ya ɗana bindiga, ya finciko ni waje, ya kwaɗa min mari a gaban fasinjojina. Shin doka ta ba shi wannan damar? Kuma wani abokina a tasha ya ce in aka sake tare ni da dare in taka mota kawai, tunda ba su da ikon harbi. Haka ne?

AMSA: Malam, sannu da wannan abu, Allah ya kiyaye gaba. Bari in fara da maganar abokin naka, don ita ce za ta iya kai mutum kushewa.

A takarda, yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin rayuwa, kuma ƙa'idar amfani da makami ta rundunar 'yan sanda, wadda ake kira Force Order 237, da aka sabunta a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, ta ce ba a kai hannu ga bindiga sai in akwai barazanar kisa ko mummunan rauni da ke gab da afkuwa, kuma babu wata hanya mai sauƙi ta kawar da ita. Ƙin tsayawa a shinge laifi ne, amma ba a yanke wa mutum hukuncin kisa a kansa. Kotu ma ta nuna haka. Ranar Kirsimeti ta 2022, wani jami'i mai suna Drambi Vandi ya harbe wata lauya, Bolanle Raheem, tana cikin mota a unguwar Ajah da ke Legas. A watan Oktoba na 2023 Babbar Kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa. To amma matar fa? Tana ƙasa. Haka 'yan kasuwar nan shida na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yuni na 2005, aka laƙaba musu fashi: sai a watan Maris na 2017 aka yanke wa biyu daga cikin jami'an hukuncin kisa, bayan kusan shekara goma sha biyu iyalansu na zaryar kotu. Saboda haka in abokinka ya sake faɗa maka wannan magana, ka tambaye shi ko shi zai riƙe maka 'ya'ya. Ga kuma wani abu: motar da ta nufo shinge a guje, ita kanta makami ce. Jami'in da ke tsaye a gabanta zai ce ransa ya kare, kuma a nan doka na iya saurararsa.

Yanzu ga marin. Babu dokar da ta ba shi dama. Ƙarfin da doka ta yarje wa ɗan sanda shi ne gwargwadon abin da zai isa ya kama wanda ke turjiya ko ya kare kansa, da zarar turjiyar ta ƙare ƙarfin ma ya ƙare. Kai ba ka yi turjiya ba. Ko da ya tsorata da sunkuyawarka, daga lokacin da ya fito da kai ya ga hannunka wayam, tsoron ya kau, abin da ya biyo baya huce haushi ne. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta wulaƙanta ɗan Adam, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ke hannunsa. Mari ɗaya ba lallai kotu ta kira shi azabtarwa ba, amma cin zarafi ne da ake iya hukunta shi a kai, kaki ba ya wanke shi. Ko ankwa ma, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ce ba a saka wa mutum sai in ana fargabar zai gudu ko zai yi tashin hankali, ko don kare lafiyarsa, ko kotu ta ba da umarni.

Sai dai zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Wannan sunkuyawar da ka yi, ita ce motsi mafi haɗari da direba zai yi a shinge. Ka ɗan tsaya a inda yake tsaye. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a bakin daji, da 'yar tocila a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan, ƙila tun asuba yake tsaye, kuma ya san abokan aikinsa da 'yan bindiga suka buɗe wa wuta a irin wannan shingen. Mota ta tsaya, ya haska, sai ya ga kan direba ya ɓace ƙasa, hannu ya shige inda ba ya gani. Kai ka san inshora kake lalube. Shi bai sani ba. Wannan ba uzuri ba ne a gare shi, bayani ne na yadda ake rasa rai cikin daƙiƙa biyu, daga baya a ce harsashi ne ya suɓuce.

Don haka tun daga nesa ka rage gudu, ka sauke doguwar fitila, don babu abin da ke harzuƙa su kamar a kashe musu ido. Ka kunna fitilar cikin mota, ka sauke gilashi, ka rage rediyo, hannuwanka biyu a kan sitiyari. Kafin ka motsa, bakinka ya riga hannunka: "Yallaɓai, takardun suna ƙarƙashin kujera, in ɗauko?" Gara ma ka daina ajiye su can, ka sa su a saman gilashi inda ake tare rana. Yaron motarka shi ma ka ja masa kunne, don sau da yawa shi ne mai dirowa yana ɗaga murya. Kada ka fito sai an ce ka fito. In za a buɗe but, ka tsaya a wurin kana gani da idonka, wannan haƙƙinka ne kuma kariya ce daga a jefa maka abin da ba naka ba. Komai zafin zagin da aka yi maka, kada ka kama masa riga ko ka taɓa bindigarsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta mai da dukan jami'i ko hana shi aiki laifi, kuma nan take maganar za ta juye, kai da aka zalunta ka koma wanda ake tuhuma. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ladabi kuma ba yana nufin ka sallama komai ba. Ita wannan doka ta 2020 ta ce kafin jami'i ya caje ka sai yana da dalili mai ma'ana na zargi, ya kuma faɗa maka sunansa, da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema. Ta ma fito fili ta ce irin askin mutum, ko shigarsa, ko shekarunsa ba dalili ba ne. Waya kuwa, tun Oktoban 2020, dab da zanga-zangar EndSARS, hedikwatar rundunar ta hana bincike ta barkatai a kan titi. Kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, ban amince a buɗe wayata ba," cikin sanyin murya. In ya ƙwace, kada ka yi kokawa, ka riƙe abin a ranka. Na goro ba wajibi ba ne, ko da yake na san abin da direban da ke bin hanya ɗaya kullum yake gudu. In aka ce sai caji ofis, ka bi, ka kira wani naka ka faɗa masa inda aka nufa da kai. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, kuma in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, dole a kai ka gabanta cikin kwana ɗaya.

Game da abin da ya riga ya faru, ƙofa ba ta rufe ba. Kana iya kai ƙorafi wurin DPO na yankin ko kwamishinan jiha, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kana kuma iya shigar da ƙarar neman haƙƙi a Babbar Kotu ka nemi diyya, kuma irin wannan ƙara ba ta da wa'adin da ke kashe ta. Abin da ke kashe ta rashin shaida ne. A yau ɗin nan ka zauna ka rubuta rana, da lokaci, da wurin, da sunan da ke ƙirjin rigarsa in ka gani, da lambar motarsu. In kunnen yana maka ciwo, je asibitin gwamnati a duba a ba ka takarda. Sannan ka koma tasha ka duba takardar lodi ta ranar, ka nemo ko da mutum biyu cikin fasinjojin da aka yi abin a gabansu, tun kafin su manta.